Shingen da Manus Ya Aske

Mijina Fintan bai taɓa aske shingen hanyar gidanmu da kaka ba. Kowa a kwarin nan yana aske nasa tun watan Satumba, ya bar shi sumul a miƙe, amma namu sai ya yi ta yaɗo yadda ya ga dama har Fabrairu. Farar ƙaya ce tun daga bakin kwalta har ƙofar gida, hagu da dama. In Oktoba ta kama sai ta yi ja wur da 'ya'ya, rassa su sunkuyo saboda nauyi har suna karce motar mai kawo wasiƙu. Mutumin ya yi mita har ya gaji. Ni ma na yi tawa, don ba sau ɗaya ba na dawo daga coci da yagaggen ɗankwali.

"Abincin baƙi ne," haka Fintan ke cewa. "Bari su gama tukuna."

Baƙin nasa tsuntsaye ne. Ƙanana ne, masu launin ƙasa, da farin zane a saman ido da ja a ƙarƙashin fiffike, shi ya sa yake ce musu 'yan jan hammata. In sanyi ya koro su daga can arewa sukan ƙetaro teku ayari guda, su sauka a shingenmu a yunwace, su yi ta ci har su ga bayan 'ya'yan. Ranar da suka iso, ka manta da Fintan. Shanu su yi ta kuka, shayi ya huce, shi yana tsaye jikin ƙofa da hula a hannu, baki buɗe. Na sha ce masa da ni yake kallo haka da tuni na ƙara ƙiba. Sai ya ce ai ni ban ƙetaro teku don in gan shi ba, daga ƙauyen bayan tudu kawai aka kawo ni.

A shekarar da nake ba da labari, ciwon ciki ya kama shi tun ana yankan ciyawa. Aka kwantar da shi a asibitin birni, aka buɗe shi, aka mayar aka ɗinke. Likita ya ja ni gefe ya ce in kai shi gida, ya fi masa. Na gane abin da yake nufi. A wajenmu ba a faɗa wa mutum irin wannan magana. Ana ce masa ya yi kyau yau, ana ce masa da sauƙi, shi ke nan. Haka na yi. Na sa aka sauko da gadonsa ɗakin gaba, jikin taga, inda zai riƙa ganin hanya da shinge.

Shekarar kuwa shingen ya yi 'ya'ya irin waɗanda ban taɓa gani ba. Fintan ya kwanta yana kallonsu suna nuna, daga kore zuwa ja.

"In baƙina suka iso zan miƙe, Nuala," ya ce da ni. "Ki ajiye mini takalmina kusa."

Na ajiye masa su a ƙarƙashin gado. Kullum da safe abin da yake fara tambaya ke nan, ko sun zo. In na ce ba su zo ba sai ya ce iskar ce ba ta juya ba tukuna, ya karɓi cokalin kunun alkama ya haɗiye da ƙyar. Don tsuntsayen nan yake cin abinci, ba don ni ba, kuma ban yi kishi ba. Ni dai roƙona ɗaya ne, Allah Ya kawo su yana da sauran idon gani.

Sai yayansa, Manus. Gidansa na ƙetaren makiyaya. Bai taɓa aure ba, ya haura saba'in, kuma in ka tara maganar da ya yi a shekara ba za ta cika hira ɗaya ba. Kullum yakan zo da hantsi, ya cire hula, ya zauna a bakin kujera kamar wanda ya zo roƙon aro.

"Za a yi ruwa," ya ce.

"To, boka," in ji Fintan. "A ƙasar nan wane ne bai san za a yi ruwa ba?"

Iyakar hirar ke nan. Manus ya shanye shayinsa, ya juya hular a hannu, ya tashi ya je ya duba mana shanu. Bai iya zama da mara lafiya ba. A ba shi aiki, ya iya wannan. Da na yi hankali da na lura da yadda yake tsayawa a hanya yana auna faɗinta da ido.

Al'adarmu ce in an yi rasuwa a gida, maƙwabta maza su taru su gyara wuri kafin jama'a su fara zuwa. A cike ramukan hanya, a shafe bango da farar ƙasa, a aske shinge don motar ɗaukar gawa ta samu shiga har ƙofa. Amma bayan mutum ya cika ake yi. Kowa ya san haka, har yaron goye. Sai dai Manus yana da wani tabo a rai. Lokacin da mahaifinsu ya rasu, motar ta kasa shiga hanyar nan saboda ƙaya da taɓo, aka ɗauki akwatin a kafaɗa har kwalta, wani ya zame, akwatin ya karkata a gaban jama'a. An daɗe ana yi da su a gari. Manus bai taɓa mantawa ba.

Wata ranar Alhamis na shiga birni karɓo magani. Na bar Fintan yana barci, na ce wa Manus ya zauna da shi.

Da na dawo, na karya kwana daga kwalta, sai na taka birki. Na ɗauka ɓatan hanya na yi. Hanyar ta yi faɗi, haske ya cika ta. Shingen nan an yi masa ƙwal, hagu da dama, sai guntayen itace farare a tsattsage. 'Ya'yan duk suna ƙasa, an markaɗe su da ganye da laka, hanya ta yi ja tun daga kwalta har gida. Can ƙarshe ga taraktar Manus da injin askin a ɗage, shi kuma yana share hanya da tsintsiyar ƙarfe.

Ban ma kashe motar ba na fito.

"Manus, me ka yi?"

"An ce daga gobe ruwa ne har ƙarshen wata," ya ce, bai ɗago ba. "In ƙasa ta jiƙe tarakta ba za ta shiga ba."

"Na ce me ka yi?"

"Dole a samu hanya, Nuala. Kin san abin da ya faru lokacin Baba."

"Ya mutu ne? Ka shiga ka ga ya mutu?"

Ya daina sharar.

"Ƙaninka yana kwance jikin taga da ransa, kai kana gyara wa gawarsa hanya. Me ya rage? Ka je ka haƙa ramin mana, tunda ƙasa za ta jiƙe. Ka kawo akwatin ka ajiye masa a gefen gado ya gwada."

Na faɗa masa maganganu da yawa ranar. Na ce masa tsohon banza wanda bai taɓa son kowa ba sai shanu. Na ce shi ya sa babu macen da ta yarda ta zauna da shi. Yana tsaye riƙe da tsintsiya. Sai a lokacin ya juya ya dubi tagar, na kuma ga abin ya faɗo masa. Na rantse har zuwa wannan lokaci bai kawo a ransa cewa Fintan na kallo ba. Shi dai ya ga aiki ya yi.

Na shiga ɗaki. Fintan idonsa biyu. Ya ɗaga kansa a kan matashi yana kallon waje.

"Ya iya aski," ya ce. "Dubi yadda ya miƙe."

"Mai kawo wasiƙu ne ya kai ƙara," na ce. "Wai ba zai ƙara shigowa ba sai an rage."

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

"Ja mini labulen, Nuala."

Na ja. Daga ranar bai ƙara tambayar baƙinsa ba. Na kawo kunu ya kau da kai. Na kawo romo ya ce in ajiye. Ya juya fuska wajen bango, ɗakin ya yi duhu da rana tsaka, ni kuma ina zaune ina jin numfashinsa. Na yi kuka a rumfar shanu har na gode Allah, don a gida babu wurin yi. Baƙin ciki bai taɓa ci na irin na kwanakin nan ba. Mutuwar na riga na haƙura da ita. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ya tafi fuskarsa na kallon bango.

Manus bai shigo ba. Yakan zo ya duba shanu ya koma ta bayan gida. Ni ma ban neme shi ba.

Ruwan da ya faɗa ya sauko kuwa. Ranar Litinin da safe ina wanke kofuna na hango shi tafe ta makiyaya, a sunkuye, da wani ƙaton dami a baya, ja wur. Ya sauke a bakin hanya daidai tagar Fintan, ya ciro igiyar ɗaurin ciyawa daga aljihu, ya fara ɗaura rassa a jikin shingen da ya aske. Na fita da tsumma a hannu. Rassan farar ƙaya ne, cike da 'ya'ya.

"Ina ka samo waɗannan?" na tambaye shi. Na san babu shingen da ya rage da ko ƙwaya ɗaya a kwarin nan.

Ya ci gaba da ɗaurinsa. Na dubi hannayensa, duk jini. Na ɗaga kai na dubi makiyayarsa, sai na gane.

Akwai wata farar ƙaya guda a tsakiyar makiyayar Manus, ita kaɗai, babu shinge kusa da ita. Irin wannan ba a taɓa ta, ta mutanen ɓoye ce. Fada, limamin cocinmu, ma da ke ce mana camfi ne, ba zai karya mata tsinke ba. Manus kuwa in zai wuce ta sai ya taɓa hularsa, in yana yankan ciyawa sai ya yi mata kewaye mai nisa. Tun suna yara aka gaya musu wanda ya sare ta ba zai ga daidai ba. Yanzu ga ta can a tsaye, gefe guda duk an sassare.

"Manus," na ce. "Ka haukace?"

"Riƙe mini nan," ya ce.

Na riƙe. Muka yi ta ɗauri a cikin ruwa. Ya koma ya ƙaro dami, ya sake komawa, har sai da bishiyar ta zama ba ta da sauran ja. Da muka gama, wajen da ke fuskantar tagar ya yi kama da shinge mai 'ya'ya, in dai mutum bai matso ya ga shuɗiyar igiya ba.

Na shiga na yaye labulen ba tare da na tambayi kowa ba.

"Na ce ki bar shi a rufe."

"Gidana ne ni ma. Juyo ka gani."

Na taimaka masa ya juyo. Ya ƙanƙance ido. Ya daɗe yana kallo, sai na ga ƙirjinsa na motsi, na tsorata, ashe dariya yake yi. Manus na tsaye a ƙofar ɗaki, ruwa na ɗiga daga rigarsa.

"Shigo, wanzami," in ji Fintan. "Ka aske, kuma ka dawo ka dasa gashi?"

Manus ya shigo.

"Daga ina?"

"Ka sani."

"Ka taɓa ta?"

"Na taɓa."

"Kai da ko fitsari ba ka yi a makiyayar nan." Fintan ya girgiza kai. "Wawa. Tun muna yara kai wawa ne. Nuna mini hannun."

Manus ya miƙa. Fintan ya riƙe hannun yayansa, ya juya shi, ya dubi inda ƙaya ta shiga, bai saki ba. Ni na fita na ɗora ruwan shayi, don ban iya tsayawa ba. Da na dawo Fintan ya ce ko akwai sauran romon nan.

Daga nan jira ya dawo. Iska ta ƙi juyawa, ta tsaya daga yamma tana ta kawo ruwa. 'Ya'yan da aka yanke kuwa ba sa jira, suka fara yamushewa. Ga kuma tsuntsayen gida, masu kwana a rufin rumfar shanu, waɗanda Fintan ke kira 'yan kasuwa saboda surutunsu. Suka gano abin. Sai Manus ya ɗauko kujera daga ɗakin girki, ya dasa ta a hanya, ya zauna cikin rigar ruwa da sanda a hannu yana korarsu. Tsoho ɗan saba'in da wani abu yana gadin shinge. Mai kawo wasiƙu ya gan shi, ya buɗe baki zai yi magana, na harare shi ya rufe.

"Ce masa ya bar su su ci," in ji Fintan. "Su ma yunwa suke ji."

"Ba nasu ba ne," Manus ya amsa daga waje. "Na baƙi ne."

Amma jikin Fintan na ta ja baya. Nas ɗin da ke zuwa ta ƙara masa maganin kashe zafi, idanunsa suka fara dushewa. Ya ce yana ganin jan, amma kamar ta cikin hayaƙi. Bayan kwana biyu ya ce jan ma ya tafi, sai hasken taga kawai. Duk da haka bai yarda a juya shi ba. Ya ce kunnensa na nan.

Wata safiya Manus ya tafi kai wa shanu ciyawa, kujerar ta zama ba kowa. 'Yan kasuwa suka sauko gaba ɗaya, suka rufe rassan, suna ci suna faɗa. Na miƙe zan buga taga in kore su, sai Fintan ya motsa.

"Mene ne? Na ji fiffike."

Na dube shi. Fuskar ta ƙare, sai ido da hanci. Na san ba zai kai wani mako ba, na kuma san iskar ba ta juya ba.

"Sun zo," na ce. "Fintan, baƙinka sun zo."

"Da gaske?"

"Ga su nan fal. Sun cika shingen."

"Gaya mini."

Na zauna a bakin gado na riƙe hannunsa, na fara. Na ce ga wani a reshen sama ya ɗaga fiffike, jan ya fito sosai. Na ce ga wani ɗan rowa yana korar ɗan'uwansa. Na ce sun rame, da gani sun sha tafiya, suna haɗiyar 'ya'yan ɗungurungum ko taunawa babu. Duk abin da ya taɓa nuna mini a shekarun aurenmu, ina jin haushi ina cewa shayi na hucewa, ashe na riƙe shi. Na yi ta zubo masa. Yana kwance ido a rufe, bakinsa da ɗan murmushi.

Da na tsaya in haɗiye yawu, sai ya matsa hannuna.

"Ba su ba ne, Nuala."

Na waiwaya wajen tagar.

"Baƙina ba sa surutu haka. Ɗan siririn kuka gare su. Waɗannan 'yan kasuwa ne." Ya numfasa. "Tun a asibiti na sani. Na ga fuskarki da kika dawo daga wajen likita. Ba ki taɓa iya ƙarya ba."

"To me ya sa ka ce in ajiye maka takalmi?"

"Ke ma ai kina bukatar abin jira."

Na kifa kaina a kan bargon na yi kukan da na daɗe ina kaiwa rumfar shanu. Ya ɗora hannu a kaina ya bar ni na yi.

"Kada ki gaya wa Manus," ya ce. "Ki ce na gan su." Sai ya ɗan ja gashina, kamar yadda yake yi da. "Ci gaba mana. Wannan ɗan rowan, me ya yi kuma?"

Na share fuska na ci gaba. Na yi ta ba shi labarin tsuntsayen da ba su zo ba, har 'yan kasuwa suka cinye komai suka tashi, har barci ya ɗauke shi.

Da Manus ya dawo ya tarar da rassan fayau, sai igiya. Ya tsaya a ƙofa yana haki.

"Sun zo," na ce masa. "Kana wajen shanu. Ya gan su."

Ya dube ni, ya dubi ƙaninsa da ke barci, ya gyaɗa kai. Ya fita ya ɗauko kujerar ya mayar ɗakin girki.

Fintan ya cika ranar Asabar da hantsi. Maƙwabta suka zo da farar ƙasa da shebur kamar yadda aka saba, suka shafe bango, suka cike ramuka. Shinge kam ba su samu abin yi ba. Aka yi zaman makoki a gida, jama'a suka cika ɗaki, aka sha shayi, aka ba da labaransa.

Ranar da za a kai shi coci gari ya waye da sanyi mai shiga ƙashi, sama garau. Iska ta juya, daga arewa take. Motar ɗaukar gawa ta shigo da baya har bakin ƙofa. Direban ya fito yana murza hannu, ya ce da duk hanyoyin ƙauye haka suke da ya huta.

Maza suka fito da akwatin, Manus na riƙe da gaba ta dama. Suna cikin tura shi a mota na ji wani ɗan siririn kuka daga sama. Na ɗaga kai. Ayari guda ne, daga wajen teku, sun sauko ƙasa ƙasa har ana ganin jan hammatarsu a hasken rana. Suka sauka a kan shingen, tun daga ƙofa har rabin hanya. Suka yi ta tsalle daga wannan guntun itace zuwa wancan, suna leƙa igiyoyin da muka ɗaura. Babu komai. Suka tashi suka nufi bishiyar makiyaya, suka kewaye ta, ba su ma sauka ba. Daga nan suka miƙe kudu, suka ɓace bayan tudu.

Manus ya bi su da kallo har suka ɓace. Sannan ya juyo gare ni.

"Yau suka iso, Nuala," ya ce a hankali. "Waɗannan su ne na farko."

Akwai magana a bakina, mai zafi, na daɗe ina ajiye da ita. Na dubi hannayensa a kan akwatin, har yanzu a kumbure inda ƙaya ta karye a ciki. Na haɗiye ta.

"Sa hularka," na ce. "Akwai sanyi."

Na kama hannunsa muka bi bayan motar a ƙafa. Ta gangara a hankali har bakin kwalta, ko tsinke bai taɓa ta ba.